Kwalin da Aka Yar a Maraɗi

Mu mutanen bakin iyaka akwai ɗabi'ar da muka tashi da ita: ba ma tsallakowa da kwali. Ko rediyo ka saya a Maraɗi, kafin ka hau mota za ka zare ta daga kwalinta, ka naɗe ta cikin tsohon zane ko buhu, ka bar kwalin a nan bakin shago. Kwali yana cin wuri, kuma yana da surutu, domin duk wanda ya tsayar da ku a hanya kwalin ne zai fara gaya masa cewa kayan nan na sayarwa ne. Haka muka ga iyayenmu suna yi. Ban taɓa jin haushin wannan ɗabi'a ba sai shekarar da ƙanena ya sayo keken aiki.

A lokacin ina da ɗan shago a Magama, dab da mashigar Nijar, ina buga wa direbobi da 'yan kasuwa takardu, ina gyaran kwamfuta idan ta samu. Da aka rufe iyaka sai garin ya mutu a tsaye. Manyan motocin da ke yin layi har ba ka ganin ƙarshensu suka ɓace, masu abinci suka kife tukwane, ni kuma na koma ina kore ƙuda daga kan injin hoto. Samari suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu Legas, wasu arewa ta Agadas zuwa Aljeriya.

Ƙanena shi ne autan Inna, kuma tela ne. Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai zamani ya juya masa baya, don samari sun daina son aikin wuya na keken ƙafa, kowa sai aikin kwamfuta, irin wanda inji ke zanawa da kansa. Shi zai yanka ya haɗa riga, sannan a ɗauke ta a kai Katsina a yi mata aiki, a dawo ana yabon wani. Abin yana ci masa rai. Da ya ji wani tela a Maraɗi zai sayar da tsohon kekensa na kwamfuta, sai ya sayar da rabonsa na gonar gado da ke Riko, wadda dama tsoron 'yan bindiga ya hana kowa nomawa da kwanciyar hankali, ya tafi ya sayo.

Ranar da keken ya iso, 'yan fiya-fiya, masu fasa-ƙwauri, su ne suka shigo da shi ta hanyar daji, gunduwa-gunduwa, an naɗe kowane ɓangare da bargo. Muka haɗa shi a bayan shagona. Ƙanena yana ta shafa shi kamar wanda aka kawo wa amarya. Da muka gama sai ya zaro ɗan filashi daga aljihu, irin wanda mutanen Nijar ke ce wa kile, ya miƙo mini.

Na ce, “Ina kwamfutar da ke tafiyar da shi?”

Ya ce, “Wanga tsohon akwati? Ai na bar mashi, Yaya. Nauyi gare shi kamar dutsin niƙa, kuma naka sun hi shi kyau. Na sa mai tura fina-finai na kusa da shagon ya kwashe mani komi cikin kile.”

“To faifan da ake girka manhajar da shi fa?”

Ya ce, “Akwai wasu faya-fayai da takardu cikin kwalin.”

“Ina kwalin?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ya bar inuwarsa. “Yaya, wa ke tsallakowa da kwali?”

Ban yi masa faɗa ba a ranar, saboda ni ma ban san girman ɓarnar ba tukuna. Keken tsoho ne, ba ya karɓar zane sai ta igiya daga manhajarsa, ita kaɗai. Na sa filashin a babbar kwamfutata ta tebur, domin ita ce kawai ke da tsohuwar kafar da igiyar keken ke shiga. Ga manhajar nan a kwance, da ɗan hoton allurarta mai kyau. Na danna. Sai wani ƙaramin akwati ya fito da jan tambari, ya ce manhajar ba za ta tashi ba, akwai fayil ɗin da babu a kwamfutar, ya faɗi sunansa, wasu haruffa da lambobi masu ƙarewa da dll.

A garinmu kowa ya ɗauka duk abin da ke cikin kwamfuta kamar fim ne ko waƙa, ka kwafa daga nan ka zuba a can ya yi aiki. Manhaja ba haka take ba. Kamar mai tuwon biki ce da aka ɗauko haya: ta iya aikinta, amma ba ta zuwa da tukunya da muciya da itace, tana sa ran ta tarar da su a gidan. Waɗannan kayan aron su masu sana'ar ke kira laburare. Idan aka girka manhaja daga faifanta, faifan ne ke sauke mata su a lungu-lungu na kwamfutar, inda mai tura fina-finai bai ma san akwai lungu ba. Shi ya kwaso mana mai tuwo ya baro kayan girki a Maraɗi.

Na tura ƙanena ya koma. Ya kwana biyu ya dawo fuska a murtuke. Tsohon akwatin nan, telan ya riga ya sayar wa 'yan gwangwan, sun farfasa shi tuni. Kwalin kuwa mai ƙosai ta hura wuta da shi, faya-fayan kuma ba wanda ya san inda suka shiga. Telan ya ce masa ciniki ya faɗa, shi keke ya sayar, kuma ga keke an ɗauka.

Na ce ba komai, abin da ke intanet ne, zan sauko da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A cikin makon nan aka yanke layukan waya a duk yankinmu, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu labari. Muka wayi gari wayoyinmu sun zama tocila. Har yau ban san ko an toshe wa 'yan bindigar wani abu ba, amma ni dai an toshe mini.

Abin da ya rage shi ne layin Nijar. Akwai wani ɗan tudu bayan gari, ƙarƙashin itatuwan bedi, inda rezo ɗinsu, wato sabis, yake leƙowa idan ya ga dama. Can garin ya koma. Tsofaffi da 'yan mata da dillalan shanu, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi, mai kiran ɗansa a Kano yana ihu, mai jiran saƙon asibiti yana tsaki. Ni ma na sayi layin Nijar na shiga sahu. Kwamfutar tebur ba ta ɗaukuwa zuwa tudu, saboda haka aikin ya zama haka: in rubuta sunan fayil ɗin da babu, in tafi tudu in nemo shi da waya, in dawo shago in zuba, in danna.

Na samo na farko, na dawo da murna, na zuba shi, na danna. Akwatin ya sake fitowa da wani sunan daban. Na koma tudu. Na kawo wannan, ya ce saura wani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ya taɓa faɗa maka duka a lokaci guda. Ya san abubuwan da yake nema, amma sai ya riƙa ba ka ɗaya-ɗaya, sai ka sha rana ka dawo sannan ya tuna da na gaba. Wanda ya tsara wannan akwati, ko wane ne shi, bai taɓa taka ƙasa da ƙafa don neman sabis ba.

Wani fayil ɗin na kawo shi da sunansa daidai, harafi da harafi, aka ce ba shi ba ne, wannan na sababbin kwamfutoci ne, manhajar kuwa tsohon yayi take so. Wani kuma shi kansa yana da nasa 'yan'uwan da ba ya aiki sai da su. Wani shafin ya cika fuskar waya da korayen maɓallai, kowanne yana cewa shi ne na saukewa, na danna wanda ya fi kama da gaskiya na kwaso cutar kwamfuta, ta ci mini takardun mutane, sai da na wanke kwamfutar gaba ɗaya na faro daga farko. Wani lokacin kuma manhajar da kanta take magana, da Faransanci, tun da a Nijar aka yi amfani da ita. Sai in ɗauki hoton saƙon in kai wa wani direba ɗan garin Ɗan Isa na Nijar da rufe iyaka ya zaunar a teburin mai shayi. Ya karanta, ya kurɓi shayi, ya ce, “Wanga ma cewa ya yi babu.” Kullum fassarar ke nan.

Na san akwai babban ƙunshi guda da ke ɗauke da yawancin laburaren nan a haɗe. Na gwada sauko da shi ba sau ɗaya ba. Sai ya yi ta tafiya a hankali, ina tsaye hannu a sama har kafaɗata ta sage, ya kusa ƙarshe, iska ta kaɗa, rezo ya koma gida, komai ya zube. Da na samu wani ƙarami da ya sauka lafiya, na dawo shago da gudu na buɗe shi, sai ya ce in haɗa kwamfutar da intanet domin ya ɗebo sauran. Na zauna ina kallon rubutun nan. Ban taɓa jin an raina mini hankali kamar ranar ba.

Duk wannan ƙanena yana gefe. Da farko yana raka ni tudu, yana riƙe mini waya idan hannuna ya gaji. Ya sayo zaruruwa kala-kala ya jera a kan keken. Ya zana irin aikin da zai fara yi a takarda, wani salo nasa da ya ce ba a taɓa gani ba a Jibiya. Daga baya ya daina raka ni. Sai in dawo in same shi zaune a kan benci yana kallon keken, idan na danna akwatin ya fito ba ya ma tasowa ya duba. A majalisa an fara yi masa ba'a, ana tambayarsa ko gonar Riko ta fara ɗinki.

Wata rana da yamma ya ce mini, “Yaya, abokaina za su tashi in an yanke dawa. Sun ce akwai wuri a mota.”

Na ce, “Ka ba ni lokaci. Saura kaɗan.”

“Tun damina kake cewa saura kaɗan. Ni ba ni ganin laihinka. Amma in keken ga bai tashi ba kahin nan, ba ni iya zama garin ga ina kallonshi. In ya tashi, ni da Aljeriya sai a labari.”

Inna ta ji maganar, don ba a ɓoye mata komai a gidan nan. Ba ta yi masa faɗa ba, auta ne. Ni ta tsare a zaure. Ta ce, “Kai da ake cewa ka san kwamfuta duk garin ga, ɗan'uwanka kaɗai za ka kasa ma? In yaron ga ya shiga hamada, ka san ba ni yahe maka zaman da kake yi.” Zaman da nake yi. Ƙafafuna sun yi kanta da hawa tudu, wuyana ya ƙone, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba ta san mai tura fina-finai ba, ba ta san wanda ya yanke layi ba, ni ta sani.

Na yi tunanin Katsina, inda sabis bai mutu ba. Na ɗauki kwamfutar tebur ɗin a kan cinya a motar haya, ana tsayar da mu a kowane shinge ana tambayata mene ne a ciki. A wani shagon intanet na sauke babban ƙunshin, na girka, na danna, manhajar ta buɗe. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa a gaban mutane. Na dawo gida ina jin kamar na ci yaƙi, na kira ƙanena, muka jona igiyar keken. Manhajar ta buɗe, ya ɗora zanensa, ya danna aikawa. Sai akwatin ya fito. Ashe ɓangaren da ke magana da keken yana da nasa laburaren daban, kuma ba ya neman su sai ya ji keke a jikin igiya. A Katsina babu keke, saboda haka bai ce komai ba.

Ƙanena ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ya tattara zaruruwansa ya zuba a leda.

Na sake komawa Katsina da sabon sunan, na kawo, ya nemi wani. Hanyar kuma ta ƙara lalacewa, aka tare motoci a wani ƙauye, Inna da kanta ta hana ni sake fita, ita da ke cewa ina zaune. Na koma tudu. Dawa ta nuna, aka yanke, aka kai gida. Wata safiya bayan sallar asuba ƙanena ya shigo ɗakina da 'yar jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya ce in yafe masa wahalar da ya sa ni. Na so in ce masa saura kaɗan, na ji kunyar bakina. Na raka shi har inda babura ke ɗaukar mutane su bi ta daji. Inna ba ta fito ba, kuma ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Ba a yi nisa da shiga sanyi ba aka maido da layukan waya. Ina zaune a shago wayata ta fara ƙara, saƙonnin watanni suna shigowa a jere. Na jona kwamfutar da intanet a nan inda take, keken yana jikin igiya, na bar ta ta nemi abin da take so da kanta. Na aika a kawo mini shayi. Kafin shayin ya huce ta gama. Fayil na ƙarshe da ya rage bai kai nauyin hoto guda na waya ba. Na ɗora zanen ƙanena da ke ajiye a ciki, na sa ƙyallen shadda, na danna. Keken ya yi ƙara, allura ta sauka, ta fara zagayawa da kanta, tsaf, babu ko tsalle. Ban yi murna ba. Wani irin baƙin ciki ne ya tokare ni, har na ji ina so in ɗauki guduma.

Na ɗauki bidiyon keken yana aiki na aika masa a lambar da ya taɓa kiran layina na Nijar da ita daga Agadas. Na yi magana a ciki, na ce ga kekenka ya tashi, ka dawo. Saƙon ya nuna ya fita, bai nuna ya isa ba. Kullum sai na duba. Da aka jima ya nuna an buɗe, amma amsa ba ta zo ba, in na kira kuma ba ta shiga.

Keke ba ya son zama, yana tsatsa, saboda haka na koyi tafiyar da shi. Ni da ban iya zura zare a allura ba, yau teloli ke kawo mini riguna daga Mazanya da Farfaru, har daga tsallake. Salon nan da ya zana shi aka fi so, samari suna zuwa su ce a yi musu irin na shagon Magama. Da shi nake ciyar da gidan, har da Inna. Duk wanda ya yaba aikin sai in ji kamar ya zage ni.

Bayan an sha ruwan wata damina, wani mutumin Farfaru ya shigo shagon, baƙi wuluk, ya rame, yana cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya. Ya tsaya yana kallon keken yana aiki, ya daɗe, sannan ya ce, “Ashe shi ne wanga. Na san shi.”

Na ce, “A ina ka san shi?”

“Cikin waya. Ɗaki guda muka zauna da ƙanenka a Tamanrasat, muna ɗaukar bulo. Bidiyon ga da ka aika mashi, ba wanda bai nuna ma ba. In mun taso aiki sai ya kwanta ya yi ta kallo har caji ya ƙare.”

Na kashe keken. Na ce, “To me ya hana shi amsa mini? Me ya hana shi dawowa?”

Mutumin ya sunkuyar da kai. “Na tambaye shi. Ya ce ya saida gonar ubanshi, ya bar gari ana yi mashi dariya, ba ya komowa da jaka wayam ya zauna cikin shagon wanshi. Sai ya samu abin da zai riƙo a hannu.”

Na ce, “Ba shagona ba ne, kekensa ne. Duk abin da ake samu a nan nasa ne. Ka ba ni lambar wanda zai kai masa wannan magana.”

Ya ce, “Ai ba ya can. Kahin a kama mu ya bi wasu sun yi gabas, wajen Libiya. Wayar ma ya saida ta ya yi kuɗin mota.”

Na tambaye shi ko akwai wanda ya san garin da suka nufa. Ya ce babu. Ya sha ruwa, ya yi mini sallama ya fita. Na zauna har aka kira la'asar ina neman yadda zan faɗa wa Inna, ban samu ba, kuma ga rigar wani ango a kan keken an yi rabin wuya, da yamma za a zo karɓa. Na tashi na kunna.